MU KE FARA JIN ƘAURI, AMMA SAI RANAR MAKOKI AKE NEMANMU

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshensa, musamman mutanenmu na Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji.

An fara kaɗa gangar 2027. Fastoci sun fara rufe bangwaye tun daga Kwanar Ɗangora har Dadin Kowa, manya na ta sauya sheƙa, a nan Facebook kuma yaranmu sun fara yi wa juna alwashin "mu haɗu ranar zaɓe". Wasu daga cikin masu wannan alwashi ni na koya musu baƙi da wasali, shi ya sa na kasa yin shiru.

Maganata guda ɗaya ce. Na haura shekara hamsin a duniya, kuma ban taɓa ganin fitinar da ta tashi a yankin nan ba tare da mata sun ji ƙaurinta kafin wuta ta kama ba. Mu ke wanke rigar yaro mu ga abin da ke aljihunsa. Mu ke ajiye masa tuwo mu san daren da bai kwana gida ba. Amma in za a zauna taron tsaro ba a kiranmu. Sai an kawo gawa ake shimfiɗa mana tabarma a ce mu yi haƙuri.

Bari in faɗa muku inda na samo wannan magana.

An haife ni a wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa, dab da dajin Falgore. Babana manomi ne, masara da dawa da ɗan rake a fadama. Innata kuma turara shinkafa take yi, a kai mata kasuwar Tudun Wada. Na shiga firamare ne albarkacin shirin ilimi kyauta na UPE da aka fara a 1976, lokacin da dagaci ke bi gida-gida yana rubuta sunan yara. Ina gama aji shida aka yi min aure. Sai da na haifi huɗu sannan maigida, Allah ya jiƙansa, ya amince na koma karatu har na samu takardar malanta. Na koyar a ƙasar Kiru, na koyar a ƙasar Bebeji kusa da Tiga, daga baya na dawo gida Tudun Wada.

Darasin sulhu na farko a tsakar gidanmu na ɗauke shi. Innata tana da ƙawa Bafulatana, kullum nan take sauke ƙwaryarta ta sha ruwa kafin ta shiga gari. Duk ranar da shanun rugarsu suka faɗa gonar wani, kafin maza su gama neman sanda ita ta riga ta iso wajen Inna: shanun wane ne, yaro wane ke kiwon, kunya nawa suka ci. Inna ta sanar da Baba, Baba ya tafi wajen mai unguwa, mai unguwa ya aika wa arɗo. A je gona a kimanta ɓarna, a biya, a yi addu'a a watse. Wanda ya ga dattawa a gindin bishiya zai ce su suka kashe wutar. Gaskiya ne su suka yanke hukunci, amma matan nan biyu su suka sa maganar ta isa gabansu tun tana ɗanya.

A lokacin akwai abin da ke riƙe da zaman. Manomi yana buƙatar shanu su kwana a gonarsa bayan girbi su bar masa taki, makiyayi yana buƙatar kara da harawa. Akwai burtali, akwai mashaya, kowa ya san iyakarsu. Yau takin zamani ya rage wa manomi buƙatar garke, kara ya zama abin sayarwa, noman rani ya cinye fadamun da shanu ke sha, mutane sun ƙaru, an nome burtali da yawa. Dalilan faɗa sun ƙaru, hanyoyin da labari ke bi ya isa ga dattawa kuma sun ragu. Ƙawancen Inna da Bafulatanarta ire-irensa yanzu sai an tona.

Abin da ya fito da ni daga aji zuwa wannan aiki shi ne rikicin ranar Juma'a 28 ga Satumba 2007, cikin azumi. Mutanen Tudun Wadar Ɗankadai ba sa buƙatar a tuna musu. Magana ta taso daga makarantar sakandare cewa an yi zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), kafin a tantance komai gari ya kama. An rasa rayuka, an ƙona coci-coci da shaguna da gidaje, mutane da yawa suka bar garin. Tun da hantsi maganar ta riga ta zaga gidaje a bakin yara, mata na ta leƙe ta katanga suna tambayar juna, amma babu wadda ta san ƙofar da za ta buga.

Maƙwabciyata Kirista ce, Bahaushiya irina, iyayenta da kakanninta duk 'yan ƙasar nan ne. Ita da 'ya'yanta uku a uwar ɗakina suka kwana biyu, maigida yana zaune a zaure da carbinsa, duk wanda ya leƙo ya ce masa iyalinsa ne a ciki. Ba mu kaɗai muka yi haka ba, gidaje da dama sun ɓoye mutane, sai dai irin wannan labari ba ya shiga jarida.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne bayan ƙura ta lafa. Yara suka riƙa shigo da kaya gida: katifa, kwanuka, rediyo, keken ɗinki. Wasu iyaye mata suka karɓa suka tura ƙarƙashin gado. Wata tsohuwa a layinmu kuwa, da jikanta ya shigo da tukunya da buhun shinkafa, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa: "Kai wane, mayar da shi inda ka ɗauko. In wannan shinkafa ta shiga tukunyata, ni da kai mun raba ƙwarya." Yaron nan ya juya da kayansa a ka, kowa na kallo. Wallahi ranar na gane cewa yaron da ba ya tsoron ɗan sanda yana tsoron bakin kakarsa.

Daga nan muka fara. Ba mu da ofis, ba mu da rajista, ba mu da wani suna na Turanci. Adashinmu na mata ne muka ƙara masa aiki. Muka yi alƙawari uku a tsakaninmu: kayan ganima ba ya kwana a gidanmu, duk wadda ta ji wata magana mai zafi za ta kai wa uwar adashi kafin ta kai wa maƙwabciya, uwar adashi kuma ta kai wa matar mai unguwa ko matar liman a ranar, ba sai gobe ba. Da aure da canjin wurin aiki suka rarraba mu, sai kowacce ta tafi da tsarin inda ta koma. Haka ya isa wasu ƙauyukan Kiru da Bebeji, ta hanyar biki da suna da makarantun Islamiyya na matan aure.

Jarrabawa ta biyu daga daji ta zo. Wajen 2015 da 2016 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mayar da Falgore mafaka, hanyar Kano zuwa Jos ta zama abin tsoro da zarar rana ta yi sanyi. Fulanin da muka tashi tare su aka fara kwashe wa dukiya, amma a gari sai aka fara yi wa duk mai sanda da malafa kallon ɓarawo. Masu tallan nono suka ɗauke ƙafa saboda jifa da baƙar magana. Duk wanda ya bi labarin Zamfara ya san haka aka fara: a sace shanu, 'yan sa-kai su kashe wanda bai ji ba bai gani ba a tsakiyar kasuwa, danginsa su shiga daji neman fansa.

Abin da muka iya yi kaɗan ne, amma mun yi. Ranar kasuwa mukan tare su a bakin gari mu shigo tare, mu zauna kusa da ƙoransu har su sayar. Yaron da zai yi jifa in ya ga malamarsu ko gwaggonsa a wurin sai ya saki dutsen. Ta bakin matan nan kuma aka riƙa jin abin da jami'an tsaro ke nema ido rufe: wace ruga aka yi baƙi, wa ke sayen burodi da fetur fiye da ƙima yana shiga daji da su. Irin wannan magana tana iya cin ran mai faɗarta, shi ya sa ba a kai ta kai tsaye, sai ta bi ta hannu biyu ko uku, sunan mai ita ya ɓace a hanya. Daga baya gwamnati ta tashi tsaye, a 2017 sojoji suka mayar da dajin wurin atisaye, gwamnatin Ganduje kuma ta ware dajin Ɗansoshiya a Kiru domin tsugunar da makiyaya. Bindigar soja ta kori ɓarawo, amma dawo da mai nono kasuwa wannan aikinmu ne.

A nan dole in ambaci matar da ta sa na daina raina abin da muke yi, marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf. 'Yar Kano ce, an haife ta a 1952. Ta yi kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ta ƙaro digiri na biyu a Amurka. Ta zama editar Sunday Triumph a Kano, sannan New Nigerian a Kaduna, sannan mujallar Citizen, a zamanin da mace a kujerar edita abin mamaki ce a Arewa. Tana cikin matan da suka gina FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, kuma ta yi shekaru tana aikin rage mutuwar mata wajen haihuwa da kusanto da Musulmi da Kirista. Allah ya karɓi ranta a turmutsitsin Mina ranar 24 ga Satumba 2015, tana aikin hidimar alhazai mata. Allah ya jiƙanta.

Ta bakin matan FOMWAN labarinta ya iso mana, kuma abin da na ɗauka daga rayuwarta shi ne riƙe alƙalami. Mace da lulluɓinta da karatunta na addini, amma ba ta bar magana ta tsaya a tsakar gida ba, tana rubutawa ta ajiye a gaban masu mulki. Tun daga nan na sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk rigimar da ta zo hannunmu ina rubuta ranar, da dalilin, da wanda aka kai wa, da yadda ta ƙare. In ka je gaban hakimi da baki kawai za a ce tsegumin mata ne. In ka buɗe littafi ka ce ga rana ga wuri, sai ka ga an gyara zama.

Kuma ba mu muka fara ba. Jos tana nan ƙarshen titinmu, duk rikicin da aka yi can a 2001 da 2008 da 2010 ta gabanmu motocin masu gudu suka wuce. Bayan kisan Dogo Nahawa a watan Maris 2010, Fasto Esther Ibanga ta jagoranci matan Kirista suka yi zanga-zanga, matan Musulmi su ma suka fito da tasu ƙarƙashin Hajiya Khadija Hawaja, kowane ɓangare na kukan gawarwakinsa. Daga baya matan biyu suka zauna suka haɗa tafiya ɗaya. A Laberiya, a 2003, matan coci da na masallaci suka tare ƙofar zauren da ake tattaunawa a Akara ta ƙasar Ghana, suka ce babu mai fita sai an daidaita, kuma jagorarsu Leymah Gbowee ta samu kyautar Nobel a 2011. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun shekarar 2000 ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 cewa a sa mata cikin sha'anin zaman lafiya. Takarda dai tana nan. A mazaɓarku, mata nawa ne ke zama a taron tsaro? Ku ba ni amsa a ƙasa.

Sai 2023, wadda har yau ciwonta bai warke ba. An yi zaɓe ranar Asabar 25 ga Fabrairu. Washegari, ana tattara sakamakon ɗan majalisar tarayya na Doguwa da Tudun Wada, rikici ya ɓarke, aka ƙona ofishin NNPP a Tudun Wada, mutane suka mutu. 'Yan sanda sun kama Alhassan Ado Doguwa a filin jirgin sama na Kano, aka gurfanar da shi, ya musanta zargin, aka ba da belinsa. An ƙarasa zaɓen ranar 15 ga Afrilu ya yi nasara, a watan Mayu kuma ma'aikatar shari'a ta jiha ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ci gaba da tuhumarsa. Wannan shi ne abin da ke rubuce, kuma ni ba alƙaliya ba ce.

Abin da zan ba da shaida a kai shi ne abin da iyaye mata suka gani mako guda kafin nan, a gidajen kowace jam'iyya. Yaron da ba shi da ko sisi ya shigo da sababbin kuɗi, a lokacin da magidanta ke kwana a layin banki saboda canjin naira. An ga ƙwaya a aljihu. An ga adda da gora a bayan rumbu. An ga jarkar fetur a ɗakin samarin da ba su da ko babur. Mun kai magana inda muka saba kaiwa, limamai sun yi huɗuba, masu unguwa sun yi kira. Wasu mata suka tura 'ya'yansu wajen dangi a Kiru da Bebeji da sunan aike, wata ta kulle nata a ɗaki ta zauna a bakin ƙofa har gari ya waye, yana ta zage-zage ta ƙi motsawa. Yau yana da mata da 'ya. Amma faɗan siyasa ya fi ƙarfin mai unguwa, domin masu ba da kuɗin sun fi shi ƙarfi, mu kuma hanyarmu a wajensa ta tsaya.

Na shiga gidajen makoki a makon nan. In ba an faɗa maka ba, ba za ka iya bambanta uwar ɗan tsintsiya da uwar ɗan kayan marmari ba. Zani ɗaya, kuka ɗaya, tambaya ɗaya: a kan me?

To ga amsar da lokaci ya bayar. Ɗan majalisar Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin Kofa, daga APC ya koma NNPP ya ci zaɓen 2023, a 2025 kuma ya dawo APC. Ba laifi na ce ya yi ba, haka siyasa take, kuma haƙƙinsa ne. Amma ɗana, ka duba da kyau. Manya suna da ƙofar komawa, su rungumi juna a ɗauki hoto. Wanda aka binne fa, wace jam'iyya zai koma?

Na san masu cewa mace ta zauna a ɗakinta, ina ruwanta da wannan. Malam, a ɗakin nata ne ake kawo mata gawar. Kuma ku tambayi malamai, ranar sulhun Hudaibiyya da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar wa aka bi aka samu mafita? Ta Uwar Muminai Ummu Salama ce. Akwai kuma masu cewa mu masu sulhu rufa-rufa muke yi, muna sa wanda aka zalunta ya haɗiye. A'a. Rigimar gona da ta kan iyaka da ta kishiyoyi ita ake kashewa a zaure. Jini kuwa na kotu ne, kuma duk ran da aka kashe ba a hukunta kowa ba, an shuka irin faɗan gaba. Marayun 2007 yau magidanta ne, na 2023 suna tasowa, kuma suna jin abin da ake faɗa.

Ga roƙona kafin lokaci ya ƙure.

Shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, da hakimai da dagatai, da manyan jami'an 'yan sanda: a kowace mazaɓa ku nemi mata biyu ko uku da unguwa ke jin maganarsu, ungozoma ko malamar Islamiyya ko shugabar matan coci ko uwar adashi ko dattijuwar ruga. Ku ba su lambar wayar da za a ɗauka ko da tsakar dare, kuma ku rufa musu asiri. Kada a ba 'yan siyasa su cike gurbin da matan jam'iyya.

'Yan takara: tun 2015 kwamitin Janar Abdussalami Abubakar ke sa manya hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja, a Kano ma ana yin irinta. Muna so a yi tamu a nan, a filin gari, da Hausa, a gaban iyayen waɗanda suka mutu. Kowa ya faɗa da bakinsa cewa ba zai ba ɗan wani ƙwaya ko makami ba. In da hali ya zo da nasa ɗan ya tsaya a gefensa mu gan shi.

Gwamnati: cibiyar gyaran tarbiyyar masu shaye-shaye tana nan a Kiru, a ƙasarmu. A ƙarfafa ta, a sauƙaƙa wa uwa talaka hanyar kai ɗanta tun kafin ɗan siyasa ya riga ta.

Matasan Facebook da WhatsApp: a 2007 da ƙafa jita-jita ta zaga gari, ta yi abin da ta yi. Yau tana hannunku. Kafin ka tura hoto ko murya, tambayi kanka wa ya gani da idonsa, kuma a wane gari.

'Yan uwana mata: ki san inda ɗanki yake kwana. Kuɗin da ba ki san tushensa ba kada ki sa shi a cefane. In kin ga abin da ya tsorata ki, kada kunya ta sa ki rufe, gara a ce ɗanki ya ji kunya a gaban mai unguwa da a ce ki je gane shi a asibiti. Kuma ki nemi ƙawa ɗaya a wajen da ba naki ba, a ruga ko a coci ko a gidan 'yan wata jam'iyya, ki riƙe lambarta. Ranar da gari ya rikice, wannan lambar ta fi katanga amfani.

Mai ɗa namiji a gida, don Allah ki tura wa 'yar uwarki wannan. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa mahaifiyarsa, domin yawancin waɗanda nake magana da su ba sa Facebook.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya shirya mana zuri'a, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya. Allah ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya. Amin.